Ranar da Mai Kunne Ya Ɗauki Baƙo

A zamanin da Kwararrafa ke tasowa daga kudu suna cin garuruwan Hausa ɗaya bayan ɗaya, har manyan birane suka ji a jikinsu, akwai wani ɗan birni a tsakanin duwatsu da ake kira Jirkau. Ganuwarsa ba wata ganuwar kirki ba ce, akuya mai ƙoƙari tana iya haye ta. Dawakinsa ma ba su taka kara sun karya ba. Amma ba a taɓa cin Jirkau da yaƙi ba, kuma duk wanda ka tambaya dalili sai ya nuna maka zauren fada da leɓe, ya yi gaba abinsa.

A cikin zauren nan, can saman azara, daidai kan karagar sarki, akwai wani tsohon mashi baƙi ƙirin. Maharbin da ya sari garin, Gagare, shi ya cinye shi a hannun wani aljani a wasan dara. Aljanin ya ji haushin cin da aka yi masa, saboda haka ya ba da mashin da mugun sharaɗi. Sunan mashin Mai Kunne. Ba shi da ido, amma ko raɗa aka yi a zauren yana ji. Duk wanda ya fara buɗe baki a gaban sarki ya ce yaƙi ya zo, mashin zai diro ya manne masa a tafin hannu, ya fizge shi a guje ta ƙofar gari, ba zai tsaya ba sai tsakiyar abokan gaba. A can zai yi ta ɓarna har rundunar ta watse, da yamma ya dawo shi kaɗai ta taga, ya haye azararsa ya kwanta. Wanda ya riƙe shi kuwa, sai dai a je a tattaro abin da ya saura a yi masa sutura.

Kuma ba a yi masa wayo. An yi wani Waziri mai iya magana da ya ce wai wasu baƙi ne suka zo da kwari da baka ba su yi sallama ba. Kafin ya rufe baki yana bayan gari, takalminsa ɗaya a zaure. An yi wani sarki da ya yi suɓutar baki, shi ma Mai Kunne bai duba rawaninsa ba. Abin da ya ƙara ɗaure al'amarin shi ne ba a buga tambari sai mashin ya fita, in kuwa ba a buga tambari ba, ba ƙauyen da zai aiko da ko mutum ɗaya, ba a rufe ƙofar gari, ba a ɗaura wa doki sirdi. Haka kakanni suka bari. Ke nan dole sai wani ya faɗa, kuma bisa al'ada wanda ake sa ran ya faɗa shi ne Madawaki.

Madawakin wannan zamani, Tunau, ya san zancen sarai, don ta wannan hanya ubansa ya tafi, kakansa ma haka. Shi kam ya yi wa kansa alkawari a kan gadonsa zai mutu, jikoki kewaye da shi. Mutum ne mai jiki, mai son dambu da man shanu, in ya hau doki har dokin sai ya yi ajiyar zuciya. Ya daɗe a kan sarautar, kuma dabararsa ɗaya ce: da zarar an ji ƙishin-ƙishin hari, sai mura ta kama shi, murya ta dushe, ya yi ta nuna maƙogwaro har a sami wani mai rawar kai ya yi katoɓara. To, a kwana a tashi masu rawar kai suka ƙare a fadar Jirkau. Waɗanda suka rage duk tsofaffin hannu ne, kowa ya san darajar wuyansa.

Ana cikin haka Kwararrafa suka sauka a hayin rafi.

Ba wanda bai sani ba. Mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa cikin gari da tukwane a ka da kaji a hammata. Hayaƙi ya turnuƙe kudu, ganguna na tashi tun safe har yamma, ungulaye suka jeru a kan ganuwa suna gyaran fiffike. Kura ta shigo kasuwa da rana tsaka ta yi kuka a rumfar mahauta, ruwan rijiyar fada ya wayi gari ja wur.

Sarki Jatau ya tara majalisa. Tsoho ne mai wayo, ya fi kowa sanin abin da ke hayin rafi, amma shi ma yana son ransa. Ya dubi fadawa ɗaya bayan ɗaya ya tambayi labarin gari, aka haɗa baki aka ce sai alheri. Ya tambayi dalilin hayaƙin kudu, Liman ya gyara zama ya ce ai manoma ne ke ƙona sassabe, alamar bana za a yi noma mai yawa. Ya tambayi gangunan, Sarkin Bai ya ce biki ake yi, kuma da alama ango mai jama'a ne. Da aka zo kan mutanen ƙauye, Shamaki ya yi dogon jawabi a kan yadda zumunci ya ƙaru a zamanin sarki, har talakawa ba sa iya kwana ba su ga fuskarsa ba. Yana cikin magana wata kibiya ta shigo ta ƙofa, ta kafe a ƙasa dab da ƙafarsa. Wallahi ko kallonta bai yi ba. Ya zare ta, ya sosa bayansa da ita, ya ci gaba da zancen zumunci.

Duk wannan abin Madawaki Tunau na gefe yana tari, yana shafa wuya.

Sai Galadima Barmo ya miƙe. Shi da Tunau tun suna samari ba sa ga maciji, kuma ya daɗe yana so ya ga rawanin Madawaki a kan wani, ko wane ne. Siriri ne, mai sanyin murya, in zai cuce ka sai ya fara da yabonka. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce:

"Allah ya ja zamanin Zaki. Mu tsofaffi ne, idanunmu sun yi rauni, abin da muke faɗa duk zato ne. Amma Allah ya ba sarki Madawaki, idon gari, jikan mazaje, wanda ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Ina roƙo gobe da hantsi ya hau ganuwa ya duba, ya dawo nan ya dafa Alƙur'ani ya faɗa mana abin da ya gani, don hankalin talakawa ya kwanta."

Tunau ya yi maza ya nuna maƙogwaro, ya fito da wata murya kamar ta ɗan tsako. Galadima ya ce ai ya lura da wannan lalura tun shekaru, abin na damunsa ƙwarai, shi ya sa ya tanadi zuma da citta da kanumfari, ya kuma yi magana da wanzami ko beli ne a cire shi yau. Sarki ya yaba da wannan ƙauna ta 'yan'uwantaka, ya ce a yi yadda Galadima ya ce. Fadawa suka ɗauka da "Gyara kintsi!", kowa na murna a ransa ba a kansa abin ya faɗo ba.

Ranar nan an kai wa Madawaki dambu an dawo da shi ko taɓawa bai yi ba.

Da hantsi ya hau ganuwa yana haki. Ya dubi hayin rafi. Mutane ne baƙi ƙirin tun daga bakin rafi har inda ido ya ƙare, masu na walƙiya, ana ta sassaƙa tsani. Ya juyo ya dubi cikin gari, sai ga matan ƙauye zaune a gindin ganuwa da 'ya'yansu a cinya, duk sun ɗago kai suna kallonsa. Kunya ta kama shi, kunya ta gaske, don ya san in bai faɗa ba gobe war haka waɗannan yaran suna cikin igiya. Amma tsoro ma na gaske ne. Yana tuna ranar da aka kawo ubansa a cikin tabarma, tabarmar ko nauyin kirki ba ta yi ba. Ya sauko yana jan ƙafa, yana roƙon Allah ya kawo ko da ciwon ciki ne mai tsanani.

A ƙofar gari ya tarar da cincirindo. Manzon Kwararrafa ne ya iso, dogo, ƙaƙƙarfa, ya yafa jan mayafi, yana kallon mutane ɗaiɗai kamar mai zaɓen rago a kasuwa. Masu gadin ƙofa suka raɗa wa Madawaki cewa sunansa Tsokwa, ɗan 'yar'uwar sarkinsu ne, kuma yana jin Hausa sarai don ya yi fataucin gishiri a ƙasar nan. Sai dai bisa al'adarsu manzon irin wannan saƙo ba ya magana, kaya yake ajiyewa a gaban sarki ya juya, mai hankali ya fahimta.

Tunau ya tsaya ya dubi bakin mutumin nan, ya daɗe yana dubansa. Sai ga shi ya washe haƙora, ya kama hannun baƙo kamar ya ga ɗan'uwansa na jini, ya ja shi har fada.

Zaure ya cika maƙil, Liman ya riga ya ajiye Alƙur'ani a kan buzu. Madawaki ya faɗi ya yi gaisuwa, murya tangaran, ya ce zumar Galadima ta yi aiki, Allah ya saka masa. Ya ce a shirye yake ya faɗi abin da ya gani, amma tun zamanin Gagare ba a taɓa sauraron ɗan gida ba alhali baƙo na tsaye. Sarki ya dubi Madawaki, ya dubi baƙon, ya saci kallon azara. Tsohon nan bai yi sarauta a banza ba. Ya ce a ba baƙo wuri.

Tsokwa ya tako tsakiyar zaure ba ko rusunawa. Ya ajiye kibiya, ya ajiye garwashi a cikin kasko, ya ajiye igiya mai zarge. Ya naɗe hannu a ƙirji yana jiran ya ga an fara kuka.

Madawaki ya tafa hannu don murna. Ya ce sarkin Kwararrafa ya cika maƙwabcin kirki: ya ji zabin daji sun dame mu ya aiko da kibiya, ya ji damina ta jiƙa mana itace ya aiko da wuta, ya kuma ji igiyar gugar fada ta tsinke. Sarki ya yi godiya, ya ce a kawo wa baƙo fura. Tsokwa ya ɗaure fuska, ya ja yatsa a wuyansa daga kunne zuwa kunne. Madawaki ya ce baƙo na son a yanka masa rago, kuma ya cancanta. Tsokwa ya nuna kudu, ya yi kamar yana ɗana baka, ya nuna sarki. Madawaki ya ce ana gayyatar Zaki farauta, sai dai a yi haƙuri, ƙafa ta hana. Jijiyar goshin baƙon ta fara tashi, amma ya cije.

A nan Galadima ya gane inda aka dosa. Ya yi wuf ya miƙe, ya ce baƙo ya sha hanya, ga shi har idonsa ya yi ja don gajiya, a kai shi masauki ya huta, a bar Madawaki ya cika alkawarinsa. Liman, wanda ba ya son a daɗe ana abu ɗaya, ya turo buzu gaban Tunau. Dogarai biyu suka matso kusa da baƙo. Tunau ya saci kallon ƙofa. Ya san da zarar mutumin nan ya taka dokin ƙofa, shi kam tasa ta ƙare. Ya tsugunna ya ɗauki igiyar nan, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya ce:

"Ranka ya daɗe, na yi kuskure, a gafarta mini. Wannan ba igiyar guga ba ce. Dubi zargen, daidai wuyan babban mutum. Sarkin Kwararrafa ne ya ji tsoron Zaki, ya aiko ɗan 'yar'uwarsa ya ce ga wuyansa a ɗaura. Caffa suka kawo. Ina roƙo a karɓe su, a ba sarkin nasu sharar bargar dawaki, shi kuma wannan saurayi a ba shi yankan ciyawa, na ga yana da ƙashi."

Fadawa suka ɗauka da "Sarki ya karɓa, sarki ya gode." Wani har ya dafa kafaɗar Tsokwa yana yi masa barka da samun ubangida.

To, haƙuri ma yana da iyaka. Tsokwa ya ture hannun, ya hamɓare kaskon garwashi, ya daka tsawar da ta girgiza zaure:

"Ku mutanen nan kanku ɗaya kuwa? Yaƙi muka kawo muku! Yaƙi! Gobe ba mai kwana da rai a garin nan!"

Kafin ya rufe baki duk majalisar Jirkau tana kwance rub da ciki, kowa ya cusa hannuwansa a ƙarƙashin cikinsa, har sarki. Tsokwa kaɗai ke tsaye, hannu a sama yana nuna su. Aka ji ƙaras daga azara, ƙasa ta zubo, Mai Kunne ya diro ya zauna daram a tafin hannun baƙo. Ya yarfe, ya ƙi fita. Ya sa ɗaya hannun ya ja, a banza. Sai mashin ya juya kansa kudu, ya fizge shi. Abin da aka gani na ƙarshe shi ne jan mayafi na kaɗawa a ƙofar zaure, ƙafafun mai shi ko taɓa ƙasa ba sa yi sosai.

Sarkin Tambari ya rarrafa ya faɗa wa tambari da duka. Gari ya ɗauka, aka rufe ƙofofi, aka ɗaura sirada, mutanen ƙauye suka ajiye kaji suka ɗauki gatura.

A hayin rafi kuwa abin da ba a taɓa yi ba aka yi. Da mutumin Jirkau ne mashin ya kawo, da tun daga nesa an mai da shi bushiya da kibau. Amma wannan jinin sarkinsu ne, kuma a wurin Kwararrafa wanda ya zub da jinin gidan sarauta ya jawo wa zuriyarsa masifa har abada. Maharba suka ɗana baka suka sauke. Tsokwa na tafe yana ihu da harshensu, yana cewa su kauce, su sare masa hannu, su yi wani abu, ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa shi. Mai Kunne kuwa ya samu yadda yake so. Ya tsinke igiyoyin dawaki, ya fasa ganguna, ya bi sarkin yaƙinsu ya zagaya da shi bukkarsa har ya faɗa rafi da sulkensa. Na baya suka ji an ce ɗan sarki ya koma wa Hausawa, na bayansu suka ji an ce sarkin ma ya koma. Kafin azahar rundunar nan da ta razana manyan birane ta bazu cikin daji, kowa na ta kansa.

Madawaki Tunau ya jagoranci dawakin Jirkau da jaruntaka ƙwarai, daga baya. Ya isa sansanin daidai lokacin da ba kowa sai tukwane a kan murhu, ya kama su duka ba wadda ta tsere. Ya dawo gari maroƙa na yi masa kirari, mata na guɗa, shi kuma yana ɗaga hannu a hankali kamar wanda ya saba.

Bayan la'asar aka koma zaure ana ta yi wa juna barka. Kowa na satar kallon taga, don ta nan mashi ke dawowa. Sai ga shi ya shigo ta ƙofa, yana janye da mutum. Tsokwa ne, mayafi ya zama tsumma, ƙaya ta yi masa zane ko'ina, amma da ransa, har yana iya zagi. Tun da aka sari Jirkau ba a taɓa ganin wanda ya dawo ba. Mashin kuma ya ƙi sakin hannunsa, ya ƙi hawa azara, ya tsaya ƙyam kamar mai jiran wani abu.

Galadima Barmo ya miƙe a hankali, ya gyara babbar riga. Tunau na ganin murmushinsa ya san ba alheri.

"Allah ya ƙara wa Zaki nasara. Yau Madawaki ya yi abin da za a daɗe ana faɗa, bakina ya yi kaɗan ya yabe shi. Sai dai alkawarin Gagare da aljani yana da kashi na biyu, wanda ba mu taɓa samun dalilin tunawa da shi ba. Wanda Mai Kunne ya fita da shi ya dawo da shi da rai, shi ne Madawakin Jirkau, kuma ba zai sake shi ba sai an naɗa."

Tunau ya ce bai taɓa jin wannan magana ba. Liman ya ce shi ya ji ta wajen malaminsa. Aka aika cikin gida aka tambayi Magajiya, yayar sarki, ta aiko cewa haka ne, har da waƙarsa ana yi musu suna yara. Tunau ya ce ai mutumin nan baƙo ne, abokin gaba ne ma, da safen nan ya yi wa garin alkawarin halaka. Sarki ya ce gaskiya ne, amma ba shi zai yi gardama da abin da ke hannun mutumin ba, in Madawaki na so ya matsa kusa ya yi masa bayani. Tunau ya dubi tsinin mashin, ya koma ya zauna.

Aka tambayi Tsokwa ko ya yarda. Ya dubi kudu. Ina zai koma, shi da ya kori rundunar kawunsa da hannunsa? Ya ce su yi abin da za su yi, shi dai a raba shi da wannan bala'i. Shamaki ya matso ya fara warware rawanin daga kan Tunau, zagaye bayan zagaye, a gaban kowa. Abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata. Rawanin ubansa ne da kakansa, su sun biya shi da rayukansu, shi kuma ga shi ana cire masa yana zaune lafiya lau. Ana gama naɗa wa Tsokwa, mashin ya sake shi, ya haye azara ya kwanta.

Sarki Jatau ya dubi tsohon Madawakinsa da kai ba rawani, tausayi ya kama shi. Ya ce ba za a ce a zamaninsa an wulakanta wanda ya ceci gari ba. Tunda Allah ya ba Tunau ido da basira, daga yau an ƙirƙira masa sabuwar sarauta, Sarkin Ganuwa. Ba hawan doki, ba wahala. Aikinsa kawai ya hau ganuwa kullum ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, ya sauko ya dafa Alƙur'ani ya faɗa wa sarki abin da ya gani da bakinsa. Galadima ne ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa sarki ya yi adalci.

Tun kafin rana ta faɗi aka raka shi ya kama aiki. Ya hau yana haki, ya dubi kudu, ba kowa sai ungulaye. Yamma shanu ne ke komawa gida, arewa duwatsu. Ya yi hamdala, ya juya gabas, ta hanyar Barno. Can nesa ya hango raƙuma a jere, layin ya ƙi ƙarewa, rana na dukan sulke da kwalkwali, tutoci na kaɗawa. Ya murje ido ya sake dubawa, ba su tafi ba.

Daga ƙasa dogari ya ɗaga kai ya kira shi cikin ladabi. Ya ce Sarkin Ganuwa ya yi haƙuri ya sauko, sarki na zaure da dukan majalisa ana jiransa kafin magariba, kuma sarki ya ce kada ya rage komai.